Ƙannena masu gina shafi, ku ji tausayin mai ƙaramar waya

Magana nake da ita da ku matasanmu masu koyon gina shafukan intanet a nan Legas, musamman na Agege da Idi-Araba.

Kwanan baya wani ƙanina ya gina wa wani dillalin albasa na kasuwar Mile 12 shafi. A kwamfutarsa kafin ƙiftawar ido ya buɗe. Da muka je kasuwa Alhaji ya ciro wayarsa ya danna, sai farin allo. Ya jira, ya jira, ya mayar da ita aljihu, ya koma kan cinikinsa. Jikin yaron nan ya yi sanyi, ni ma abin ya tsaya min a rai.

Kada ku ɗora wa netwok laifin duka. Burauza, wato manhajar buɗe shafuka, daga sama take karanta HTML, wato rubutun da ake gina shafi da shi, zuwa ƙasa. Duk inda ta ci karo da script, wato fayil ɗin umarnin da ke sa shafi aiki, da ba a sa masa wata alama ba, sai ta ja birki, ta sauko da fayil ɗin, ta gudanar da shi, sannan ta ci gaba. Shi kuwa ƙanin nawa fayiloli biyar ya jibge a cikin head, wato sashen farko na HTML. Ina shafi zai bayyana?

Maganin bai wuce kalma ɗaya ba. Ku sa wa script ɗin kalmar defer. Fayil zai riƙa saukowa a gefe ana ci gaba da karatu, kuma ba zai yi aiki ba sai an gama karanta shafin, bi da bi yadda kuka jera su. Shi kuwa fayil mai async, ɗaya kalmar da ake iya sawa, da ya sauko yake fara aiki, ba ruwansa da layi, don haka kada ku sa ta a fayil ɗin da wani fayil ya dogara da shi.

Kuskurensa na biyu ya fi ba ni takaici. Maɓallin yin oda ya ɗaure shi da load, wato sanarwar da burauza ke bayarwa cewa shafi ya kammala, alhali load ba ya zuwa sai hotuna da sauran kayan shafin sun gama sauka. Mai saye na ganin maɓalli yana dannawa, shiru, saboda hoton buhun albasa bai iso ba. Sanarwar DOMContentLoaded ya kamata ya jira, wadda ke zuwa da zarar an gama karanta HTML kuma masu defer sun yi aikinsu.

Don Allah, kafin ku miƙa aiki, ku buɗe DevTools, wato kayan gwajin masu gina shafi, a Chrome ku rage gudun zuwa 3G. Ni na fi son ma ku ari wayar mai shagon, ku tsaya a tsakiyar kasuwa ku gwada. Haka muka yi da muka koma, Alhaji da kansa ya danna maɓallin.