Ba ɗan ruwa ba ne, kuma uwarsa ba ta yi laifin komai ba

Tun da labarin sakin da aka yi a unguwarmu ranar Juma'a ya bazu, mutane suke ta turo mini saƙo cewa in kama bakina tunda magana ce ta cikin gida. Ba zan yi shiru ba, domin maganar ta tashi daga ta cikin gida tun ranar da uwar mijin ta tsaya a tsakar gidan biki, mata cike da gida, ta nuna jikanta da bai cika shekara 2 ba ta ce ɗan ruwa ne, kuma jinin dangin uwarsa ne ya jawo musu abin da ba su taɓa gani ba a zuri'arsu. A kan wannan magana aka mayar da yarinya 'yar shekara 19 gidan iyayenta, ɗauke da goyon da ba ya ji kuma yake da yana a ido ɗaya.

Ni na raka ta asibiti, kuma da kunnena na ji likitan yara yana tambayarta ko ta yi zazzaɓi da ƙuraje a farkon cikin. Ta yi jim, sannan ta ce: "Na yi, Likita, a wata na 2, da kaluluwa a bayan kunne, amma kwana 3 kawai ya yi, na ɗauka laulayi ne." Likitan ya ce alamomin yaron sun fi kama da aikin rubela, wadda wasu ke kira ƙyandar Jamus. Ƙwayar bairos ce da ke yaɗuwa ta tari da atishawa, galibi tsakanin ƙananan yara, kuma sauƙinta ne haɗarinta, domin kusan rabin waɗanda ta kama ba sa ma sanin sun yi ta. Amma idan ta kama mace a makonni 12 na farkon ciki, lokacin da ake halittar ido da kunne da zuciya da ƙwaƙwalwar ɗan tayi, tana ratsa mabiyiya ta isa gare shi, kuma a wannan matakin har jarirai 9 cikin 10 na iya samun illa. Wani cikin ya zube, wani a haife shi kurma, wani da yanar ido, wani da matsalar zuciya, wani kuma ya taso da jinkirin zama da tafiya da magana.

Ina so Hajiya, wato uwar mijin, da masu goya mata baya su lura da abu ɗaya. Wannan yarinya a gidan mijinta ta yi goyon cikinta, cikin yaran gidan da take yi wa wanka tana share musu majina, saboda haka babu mamaki a ce a wannan tsakar gidan da aka wulaƙanta ta ne ta shaƙi cutar. Ba ta gado ta daga uwarta ba, kishiya ba ta yi mata sammu ba, kuma ba fitar magariba ce ta haɗa ta da aljani ba. Cuta ce ta same ta, kamar yadda mura ke samun kowa.

Kuma wannan ilimi ba na jiya ba ne. Tun 1941 wani likitan ido a Ostireliya mai suna Norman Gregg ya lura da yawaitar jarirai masu yanar ido, ya bi diddigi ya gano cewa iyayensu mata sun yi rubela suna da ciki. A annobar da aka yi a Amurka tsakanin 1964 da 1965, an haifi jarirai kimanin 20,000 da illar wannan cuta, a ƙasar da babu mai zancen ɗan ruwa. A 1969 aka samar da allurar rigakafinta. Mu a Najeriya sai a Oktoban 2025 aka ƙaddamar da gangamin allurar da ta haɗa ƙyanda da rubela ga yara daga wata 9 zuwa shekara 14, wato lokacin da wannan yarinya take ƙarama babu wanda ya kawo mata wannan kariya ƙofar gida. Shekara da shekaru muka bar 'yan matanmu a buɗe, yanzu kuma mun dawo muna tuhumarsu da sakamakon.

Wani ya rubuto mini cewa ina jayayya da ƙaddara. Ban ga jayayyar ba. Da annoba ta ɓarke a Sham, Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa, kuma da aka tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Kuma idan da gaske Hajiya ta yarda ƙaddara ce, me ya kawo sakin? Ba a yarda da ƙaddara a baki sannan a ɗora wa 'yar mutane hukuncinta. Wani kuma ya ce ai akwai kurumtar gado. Tabbas akwai, sai dai mafi yawan irinta sai uwa da uba sun haɗu kowa ya ba da nasa kason, saboda haka mai wannan hujja ya fara duba nasa gidan. Masu cewa allurar makirci ce kuwa, irin wannan magana muka sha a kan shan inna, har sarakuna da malamai, ciki har da Mai Alfarma Sarkin Musulmi, suka tsaya tsayin daka, kuma a 2020 aka tabbatar da kawar da ainihin ƙwayar cutar daga Afirka.

Rubela ba ita kaɗai ba ce. Akwai wata da likitoci ke taƙaita sunanta da CMV, wadda ita ce kan gaba wajen haddasa kurumtar da ba ta gado ba a jarirai. Tana zaune a yawu da fitsarin ƙananan yara, kuma har yau ba ta da allura, sai dai mai ciki ta riƙa wanke hannu da sabulu bayan ta yi wa yaro tsarki, ta daina shan ragowar kunun yaro da ludayinsa, ta daina sumbatarsa a baki. Ƙarambau ma yana iya taɓa ɗan tayi. Zika da sauro ke yaɗawa ta sa an haifi dubban jarirai da ƙaramin kai a Barazil daga 2015. A duk waɗannan babu inda laifin uwa ya shigo. Abin da ake buƙata shi ne a yi wa yara allura tun kafin su kai aure, domin ita allurar rubela ba a yi wa mai ciki, sannan duk mai cikin da ta ga zazzaɓi da ƙuraje a kai ta awo a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Wannan kuma ya rataya ne a wuyan miji, tunda a yawancin gidajenmu na Sakkwato izinin fita da kuɗin mota a hannunsa suke.

Abin da ya fi ci mini rai yanzu shi ne lokacin da aka ɓata. Wata da watanni aka yi ana yawo da yaron nan wajen masu hayaƙi da turare, alhali yanar idon jariri aiki take so da wuri, kafin ƙwaƙwalwa ta saba da rashin gani da wannan idon. Kuma ina roƙon mutanen unguwa su daina kiransa bebe, yana da sunan da aka yanka masa rago da shi. Yaron da ba ya ji yana iya koyon maganar hannu tun yana wannan shekarun, kuma a nan cikin gari muna da makarantar A.A. Raji ta masu buƙata ta musamman, inda kurame ke karatu. Uwarsa ta riga ta fara koyon alamomin ruwa da abinci da barci, kuma shekaranjiya ya nuna mata alamar ruwa da kansa.