Kalmar "must" da ta jawo wa 'yar'uwarmu ƙara a Ingila

Wata ma'aikaciyar jinya 'yar garinmu, wadda ba ta fi wata huɗu da zuwa Ingila ba, ta ce wa wani tsoho a gadon asibiti, "You must take your tablets now." Kafin yamma 'yar tsohon ta kai ƙara, wai an yi wa ubanta tsawa. Baiwar Allahn nan fa ta ci jarrabawar Turanci ta IELTS da maki 7, kuma babu kuskuren nahawu ko ɗaya a maganarta.

Abin da aka koya mana a sakandare daidai ne: can, could, may, might, must, should, will da would ba sa ɗaukar s, ba a bin su da to. Wannan ya isa cin WAEC. Amma a nan, waɗannan kalmomi su ne gaisuwar Bature. Ba ya tambayarka gida, ba ya tambayar gajiya, ladabinsa duk ya tattara a could da would. Ka shiga kanti, layi ya miƙe, kowa shiru hannu cikin aljihun rigar sanyi, mai sayarwa na murmushin da bai wuce leɓe ba. Kana cewa "Give me" sai fuska ta canja. "Could I have" ake so, da please a ƙarshe. Must kuwa na allon gargaɗi ne da takardar hukuma. Shugabanka a ofis zai ce "You might want to look at this again", ka ɗauka shawara ce, alhali umarni ne. A kula kuma: mustn't hani ne, don't have to kuwa ba dole ba ne kawai.

Wajen lokutan aikatau, Hausarmu ce ke bin mu. "Na gan shi" guda ɗaya ce a wurinmu, su sun raba ta biyu. In ka ambaci lokaci, kamar yesterday ko 2019, "I saw him" za ka ce, ba "I have seen him" ba. Abin da ya fara a baya kuma bai ƙare ba, "I have been here since March", ba "I am here" ba. Sai "ina zuwa" ɗinmu: ka ce "I am coming" ka juya baya ka fita, Bature ya tsaya yana kallon ƙofa.

Atisayen da ke aiki shi ne ka ɗauki buƙatu goma da kake yi kullum, ka faɗi kowace da ƙarfi sau uku: can you, could you, sannan would you mind da aikatau mai ing. Amsar na ƙarshen in an yarda ita ce "not at all".

Na yarda su ma suna da hujja, majinyaci yana da ikon ƙin magani. Amma ban yarda mu ne marasa ladabi ba. A asibitin gida cewa ma'aikaciyar jinyar nan za ta yi, "Baba, daure ka sha maganin nan," umarni ne tsagwaronsa, kuma tsohon zai sha yana sa mata albarka. Wannan "daure" ɗin take nufi da must ɗinta. Yanzu ta koyi cewa "Would you like to take your tablets?" In ya ce a'a, sai ta rubuta a fayil cewa ya ƙi, ta wuce gado na gaba.