Agogo kawai ake duba mana a koyarwar gwaji

Makon jiya aka rage mini maki a koyarwar gwaji, kuma har yau raina a ɓace yake. Dalilin da mai duba mu ya rubuta layi ɗaya ne tak: ban kai matakin ƙarshe na darasi ba aka buga ƙararrawa. Bai ce na koyar da kuskure ba, bai ce ɗalibai sun tashi ba su gane ba. Agogonsa ya kalla, ya yanke hukunci.

Abin da aka ba ni in koyar cikin minti 40 shi ne bambancin "I ate" da "I have eaten". Duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne. A Hausa "na ci" ta ɗauke su duka biyun. Mu lamirin da ke gaban aikatau ne yake nuna lokaci: na ci, zan ci, nakan ci, shi aikatau yana nan yadda yake. A Turanci kuwa aikatau ɗin ne ke sake kama, "eat" ya koma "ate", ya koma "eaten", kuma irinsa da ba sa bin ƙa'idar ƙara "ed" sun haura 100, sai dai a haddace su.

Ana cikin darasi wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, me ya sa 'I have eaten yesterday' ba daidai ba ne, bayan jiya ta wuce, kuma na ci ɗin?" Wallahi tambayar da rabin ajin ke riƙe da ita a ciki ke nan. Na tsaya na nuna musu cewa da zarar an ambaci lokacin da ya riga ya ƙare, jiya ko bara, Turanci ba ya karɓar "have" a wurin. Na sa su kawo nasu misalan, muka gyara tare a allo. Minti 7 suka tafi, kuma a kan su aka kama ni. To me ake so in yi? In ce mata ta sauke hannu saboda takardata ta ce lokacin aikin rukuni ya yi?

Ita kanta takardar tsarin darasin abin takaici ce. Mu kwana muna rubuta ta, kowane mataki da mintinsa a gefe, 5 na gabatarwa, 10 na bayani, haka dai har 40 su cika cif. Babu gurbin kiran suna a ciki, babu na rabon takardu, babu na maimaita umarni sau uku ga wanda bai ji ba. A takarda "ɗalibai su zauna biyu-biyu" minti ɗaya ne. A aji, kafin a ja kujeru a natsu, an ci huɗu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba a koya mana nahawun ba. Muna jin Turanci, kunnenmu na gane jimlar da ta karkace, amma iya magana daban, iya bayyana dalili daban. An cika mu da laccoci kan dabarun koyarwa da yadda ake cike fom, in aka zo kan nahawu sai a ce ku je ku karanta. Sannan a tsayar da kai gaban mutane, wani na zaune a baya da biro yana jiran ka yi tuntuɓe. Wannan mai dubawa ya ce ka cika surutu, ka bar ɗalibai su gano ƙa'ida da kansu. Ka bi maganarsa, alhali ganowar ta fi bayani cin lokaci, sai na gaba ya zo ya ce ka ɓata minti 15 ba ka faɗi ƙa'ida ba. Da wanne za mu ji?

Ina ganin abin da wannan ke mayar da abokan karatuna, kuma yana ba ni tsoro. Sun gane cewa maki na wurin wanda ya gama a kan lokaci, don haka suna kiran ɗalibai ukun nan da suka san amsa, su kau da kai daga hannun da zai kawo tambaya mai wuya, su rufe darasi daidai da ƙararrawa. Su ake yaba wa. Sauran ajin kuma su tashi da ruɗaninsu.

Ni buƙatata biyu ce. A raba irin wannan darasi gida biyu, kuma mai dubawa ya zo sau ɗaya ya koyar da shi cikin minti 40 muna kallo, mu ga inda zai ajiye tambayar ɗalibar nan. Mako mai zuwa "a" da "an" da "the" aka ba ni, duka a darasi ɗaya, kuma an riga an gargaɗe ni kada in sake wuce lokaci.