Wa Ya Ƙirga, Yaushe, Da Wane Ma'auni?

Hoton nan mai jan rubutu da kuke ta yaɗawa tun jiya ya ishe ni. Wai rashin aikin yi a Najeriya ya faɗo daga kashi 33 zuwa kashi 4 cikin ɗari. Ɓangare guda na ta shewa an yi aiki, ɗaya ɓangaren na ta tsinuwa an shirga ƙarya. Madalla da masana! Amma na rantse duk masu kumfar bakin nan babu wanda ya buɗe rahoton ya karanta ko shafin farko.

Lambobin biyu duk na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ne, wato NBS. Kashi 33.3 na ƙarshen shekarar 2020 ne, kashi 4.1 kuma na farkon 2023. Tsakaninsu hukumar ta canza ma'auni. A da, wanda bai yi aikin sa'o'i 20 a mako ba sunansa marar aikin yi. Yanzu an koma tsarin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, inda sa'a ɗaya tak ta neman kuɗi a mako ta isa a sa ka cikin masu aiki. To ta yaya za ka jera su wuri guda ka ce wannan ta sauko ta zama waccan? Bayanin nan yana cikin rahoton, kyauta, ba a ɓoye shi ba. Kuma a nan za ka ga fiye da kashi 90 na masu aikin buga-buga suke yi. Wannan ce lambar da ya kamata ta hana mu barci, amma mai hoto bai ga dama ya sa ta ba.

Ku je tushe, jama'a. Yawan mutane kake nema? Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, NPC. Ƙidaya ta ƙarshe a 2006 aka yi ta, aka samu mutum miliyan 140 da 'yan kai. Wadda aka shirya yi a 2023 ɗage ta aka yi. Saboda haka duk wanda ya ce maka mun haura miliyan 200, hasashe yake ba ka, kuma ya kamata ya faɗi na wane ne. Hauhawar farashi da ma'aunin tattalin arziki, NBS. Kuɗin ruwa da asusun ajiyar waje, Babban Banki. Bashin ƙasa, ofishin kula da basussuka, DMO. 'Yan uwanmu na Nijar suna da tasu hukumar ƙididdigar, INS. A Amurka ana ƙirga jama'a duk shekara 10 tun 1790, hukumar ƙididdigar ƙwadago kuma na fitar da rahoton ayyuka kowane wata. Kusan kowace ƙasa haka abin yake, akwai ofishin da aikinsa ke nan.

Na san abin da za ku rubuto min: "Ai gwamnati ƙarya take." To, mun ji. Shi wanda ya haɗa hoton a wayarsa gida nawa ya shiga ya yi tambaya? Wani kuma zai ce shi Bankin Duniya kawai ya yarda da shi. Malam, duba ƙasan teburin nasu, akasarin lambobin daga hukumomin ƙasashen suka kwaso su. Ka gudu ne ka dawo inda ka baro.

Ban ce lambar gwamnati wahayi ce ba. Ƙasar da ta soke sakamakon ƙidayar 1973 ɗungurungum ba ta da bakin cewa a yarda da ita ido rufe. Amma lambar hukuma tana zuwa da kwanan wata da bayanin yadda aka tattara ta, don haka kana da inda za ka kama ka yi gardama. Ka ga hauhawar farashi ta tashi daga kashi 34.80 a Disambar 2024 ta koma 24.48 a Janairun 2025, sai ka buɗe ka tarar shekarar da ake auna farashi da ita aka sauya, daga 2009 zuwa 2024. Haka aka yi a 2014, aka sake lissafi muka wayi gari mun wuce Afirka ta Kudu a girman tattalin arziki, alhali aljihun kowa na nan yadda yake. Wallahi abin da ke damuna shi ne ɗalibai da matasan 'yan jarida da ke kwashe irin hotunan nan suna sa wa a aikinsu. Ku je tushe, don Allah.

Su ma hukumomin ina da magana da su. Me zai hana a riƙa fitar da taƙaitaccen bayani na shafi ɗaya da Hausa, a karanta a rediyo? Sai dai a jibga maka fayil mai nauyi da Turanci, teburin bai ma shiga fuskar waya, kana ja hagu kana ja dama har datarka ta ƙare.