Ranar da kuɗi ya sayi bakin madugu

A wata fada ta unguwar Zango aka fara wannan gardama, cikin daren sanyin hunturu, shayi na biyu yana kan gawayi. Ɗan ƙanwata ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Kawu, dubi layi." Hoton nan ne da wani mahayin tsauni ɗan Nepal, Nirmal Purja, ya ɗauka a watan Mayun 2019: mutane jere a kan siririn gefen tsaunin Eberest, wanda ya fi kowane tsauni tsawo a duniya, kowa ya maƙale igiya ɗaya, hagu rami dama rami, suna jiran a ba su hanya su taka ƙololuwa. Wani ya ce wannan ai layin jarkoki ne a bakin famfon Damagaram lokacin bazara, aka kwashe da dariya. Wani dattijo da ke zaune gefe, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa babbar mota tsakanin Agadas da Dirku, bai yi dariyar ba. Ya karɓi wayar, ya matso da ita kusa da ido, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To, wane ne madugu a cikinsu?"

Mutum 11 suka mutu a tsaunin a wannan kakar. Tun daren nan tambayar dattijon take yi mini yawo a kai.

Hawan manyan tsaunuka yanzu sana'a ce mai kamfanoni. Kana biyan kuɗi, daga wajen dala dubu 35 har abin da ya haura dubu 100, su kuma su ɗauki nauyin komai: takardar izini, tanti, abinci, kwalaben iskar oksijin, da mutanen da za su kai ka su dawo da kai. Tafiyar Eberest takan ci mako shida zuwa takwas. Ana yada zango na farko a mita 5,364, daga nan akwai zango huɗu kafin ƙololuwa, wadda ke mita 8,849. Ba a hawa kai tsaye. Sai a hau a kwana a sauko, a ƙara hawa a sauko, har jini ya saba da ƙarancin iska. Tallar kamfanonin kuwa kusan bakinsu ɗaya: wannan tafiya ta ƙwararru ce, waɗanda suka riga suka hau wasu tsaunuka.

Ni ban ga aibu ga mutum ya ɗauki jagora ba, kuma ɗan Damagaram ne na ƙarshe da zai ga aibun haka. Garin nan ayari ne ya raya shi. Fataken da ke tasowa daga Tarabulus su bi ta Gat da Azbin, a nan suke sauke kaya kafin su nufi Kano, sunan unguwar Zango ma daga nan ya samo asali. Babu wanda ya taɓa ƙetare Tenere zuwa gishirin Bilma da jarumtarsa shi kaɗai. Ayari yana da jagaba mai duba hanya, yana da uban dawaki mai riƙe da kuɗin fito, sannan a samansu duka akwai madugu uban tafiya. Haka abin yake a can ma. Ranar 29 ga Mayun 1953 da aka fara taka ƙololuwar Eberest, Edmund Hillary bai taka ta shi kaɗai ba, tare da Tenzing Norgay suka taka, ɗan ƙabilar Sherpa da ke zaune a gindin tsaunin.

Inda aka rabu shi ne a nan. Bafatake yana biyan madugu, amma biyan bai sa ya zama ubangidansa ba. In madugu ya ce yau ba a tashi, ko kana da raƙumi ɗari a cikin ayarin sai ka kwance kaya. A tsauni kuɗin ya yi yawan da ya juya wannan tsari. Wanda ya zuba abin da zai gina gidaje a Damagaram yana ganin ƙololuwa ya saya, jagora kuma ma'aikacin da zai miƙa masa kayan da ya biya ne.

Abin da ya faru a Eberest ranar 10 ga Mayun 1996 ya ishi misali. Rob Hall ɗan New Zealand yana cikin jagororin da aka fi yarda da su a duniya, kuma yana da doka sananniya: in ƙarfe 2 na rana ta yi ba ka kai ba, ka juya, ko da ƙololuwar tana gaban hancinka. Cikin baƙinsa akwai wani ma'aikacin gidan waya Ba'amurke, Doug Hansen, wanda Hall ya juya da shi a shekarar da ta gabata ana gab da isa. Mutumin ya sake tara kuɗi ya dawo. A wannan karon ƙarfe 2 ta wuce, 3 ta wuce, Hall bai juya da shi ba. Sai wajen ƙarfe 4 Hansen ya kai, ƙarfinsa ya ƙare, iskar kwalbarsa ta ƙare, guguwa ta rufe tsaunin. Su biyun ba su sauko ba. Mutum 8 wannan guguwa ta ci. Ba na jin kwaɗayi ne ya kashe Hall. Kunya ce, irin wadda muka sani sarai a nan: nauyin duban idon wanda ya ba ka amana da gumin shekarunsa ka ce masa a'a karo na biyu.

Akwai masu cewa wannan matsalar 'yan koyo ce, ƙwararre shi ya san iyakarsa, a bar shi ya yanke wa kansa hukunci. Hujjar tana da daɗin ji, amma jiki ba ya bin ta. Sama da mita 8,000, wurin da mahaya ke kira yankin mutuwa, iskar da mutum ke shaƙa ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na wadda ake samu a bakin teku ba. Huhu na iya tara ruwa, ƙwaƙwalwa na iya kumbura, kuma abin da ke fara lalacewa shi ne hankalin da za a yi shawarar da shi. An ga mutane sun cire safar hannu cikin sanyin da ke daskarar da yatsu, an ga waɗanda suka zauna a kan ƙanƙara suna cewa hutawa kaɗan za su yi. Maganin kuwa ɗaya ne, saukowa. Ɗan koyo yana jin tsoro, saboda haka yana jin magana. Gwanin iyo ne ke yin nisa da gaɓa. Wanda ya hau tsaunuka goma ya dawo lafiya yana da dalilai goma na musa wa jagoransa, a daidai lokacin da kansa ya daina aiki.

Sannan a duba wanda ke ɗaukar kasadar ta gaskiya. Tsakanin zangon farko da na gaba akwai gangaren ƙanƙarar Khumbu, inda ƙanƙara mai girman soro ke motsi tana tsagewa. Baƙo yakan ratsa wurin 'yan lokuta kaɗan. 'Yan ƙabilar Sherpa su ne ke shimfiɗa tsani a kan ramukan, su ɗaura igiya, su yi ta kai da kawowa da tanti da kwalabe a bayansu. Ranar 18 ga Afrilun 2014 ƙanƙara ta zaftaro a wurin ta kashe 16 daga cikin ma'aikatan Nepal, babu baƙo ko ɗaya a ciki. Kami Rita Sherpa ya taka ƙololuwar sau 31 zuwa Mayun 2025, amma shi aiki ya je yi. A tsaunin K2 na Pakistan, mai mita 8,611, wani ɗan dako Muhammad Hassan ya faɗi a wata matsatsiyar hanya a watan Yulin 2023, aka ga bidiyon mahaya suna wuce shi yana kwance, har rai ya yi halinsa. An yi ta musu kan ko ceto zai yiwu a irin wannan wuri, wasu ma sun tsaya sun yi ƙoƙari. Amma ayarin bai tsaya ba.

Hukumomin Nepal sun ɗaga kuɗin izinin hawa Eberest daga dala 11,000 zuwa 15,000 tun Satumban 2025, wato sama da miliyan takwas na CFA kafin mutum ya sayi ko takalmi. An kuma gabatar da ƙudurin doka da zai sa sai wanda ya taɓa hawa tsauni mai mita 7,000 za a bari. Na biyun yana da amfani. Na farkon kuwa, a ganina, ƙara wa wutar itace ne, domin duk yadda kuɗin ya ƙaru haka juyawa ke ƙara ɗaci. (A 2025 ɗin ma wasu tsofaffin sojojin Ingila huɗu sun shaƙi wata iska mai suna zenon, suka tashi daga Landan suka hau Eberest suka koma cikin mako guda. Gaggawa ita ma ta zama haja.) Abin da ya fi damuna al'adar tukuicin ƙololuwa ce: jagora yana samun ƙarin kuɗi in baƙonsa ya kai. An ɗora wa mutumin da ya kamata ya ce a juya farashi a kan faɗin hakan. Da ni ake tambaya, sai a biya jagora ladansa cikakke ko an kai ko ba a kai ba, a rubuta lokacin juyawa a takardar yarjejeniya, wanda ya ƙi bi kuma kada wani ɗan dako ya bi shi da ransa.

Wani zai ce ina ruwan Damagaram da wannan, mu da tsauninmu mafi tsawo a Nijar, Bagzan, mita 2,022 ne kawai, yaranmu kuma duwatsun Birni suke hawa da silifa. Ruwanmu shi ne mun san tafiyar da aka biya kuɗinta amma babu madugu. A ƙarshen Oktoban 2013 an tsinci gawarwaki 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, da yawa daga Kance, bayan motocinsu sun lalace. Su ba suna suka je nema ba, yunwa ce ta kore su, kuma Allah ya kiyaye in haɗa su da masu kuɗin Eberest. Amma ranar da tsaro ya dawo Azbin, baƙi suka dawo da kuɗinsu, jagororinmu na Agadas za su tsaya gaban wannan jarrabawa ita ma.

Da aka zuba shayi na uku na tambayi dattijon, "Baba, kai ka taɓa juyawa?" Ya ce sau ɗaya. Sun yi kwana biyu da barin Agadas ya ga ganga ɗaya ta ruwa ta tsiyaye, ya ƙirga kawunan da ke bayan mota, ya ƙirga abin da ya rage, ya juya kan mota. Wani alhaji mai kaya da yawa har ya ci kwalarsa, mai motar kuma ya yanke masa kuɗin tafiyar.

"Mutum arba'in na ɗauka," in ji shi, yana miƙa wa yaron wayarsa. "Su arba'in ɗin suka yi ta zagina har tasha."