Minti Ashirin Daga Faris Zuwa Landan

A hunturun shekarar da na fara karatu a Landan, kawuna da ke zaune a Faris ya aiko mini da tikitin jirgin sama domin in kai masa ziyara. Tikitin ya nuna za mu tashi da ƙarfe 9:00 na safe mu sauka 11:20, sai na ƙirga awa biyu da minti ashirin, ban tsaya na tambayi kaina yadda tafiyar kilomita 344, wadda ba ta wuce nisan Kano zuwa Abuja a sama ba, za ta ci wannan lokaci ba. Na yi guzurin dabino da matashin wuya kamar mai tafiya Jidda.

Da jirgi ya daidaita a sama na tuɓe takalma, na gyara zama, na lumshe ido. Ban kai ga cin dabino na biyar ba sai matuƙi ya sanar cewa mun fara gangarowa, kuma a wannan gangarowar ne takalmina na hagu ya sulale zuwa ƙarƙashin kujerar wata dattijuwa, na ƙarasa cikin Faransa da ƙafa ɗaya a safa. Da na kunna waya na ga 11:20 daidai, sai na yanke hukuncin cewa barci ne ya sace ni ban sani ba.

Ranar komowa tikitin ya ce tashi 6:00 na yamma, sauka 6:20. Na yi wa Kawu bayani cikin taƙama irin ta ɗan jami'a cewa iska ce take tura jirgi ta baya idan ya nufi Ingila. Ya dube ni ya ce, "To, Malam, Allah ya ƙara ilimi." Ya so in bi jirgin ƙasa da ke ratsa ramin ƙarƙashin teku da aka buɗe a 1994, wanda ke kai mutum daga tsakiyar gari zuwa tsakiyar gari cikin awa biyu da 'yan mintuna, amma wa zai bar minti ashirin ya kama awa biyu?

Saboda wannan lissafi na sha shayi kofi uku a filin jirgi, na wuce ƙofar banɗaki ko kallonta ban yi ba. Kujerata ta taga ce, Turawa biyu kuma suka tare ni suka yi barci tun kafin mu tashi. Minti ashirin ya cika muna tsakiyar gajimare, arba'in ta wuce babu labarin ƙasa, kuma a daidai lokacin da na cire kunya zan tashe su aka kunna fitilar ɗaura bel. Duk addu'ar da na haddace tun makarantar allo sai da na karanta ta a sararin samaniyar Landan.

Da dare na kira Kawu, ya yi dariya har da tari, sannan ya ce agogon Faris yana gaban na Landan da awa ɗaya, tafiyar kuma awa ɗaya da minti ashirin ce, ko a zuwa ko a dawowa, har ma a hunturu lokacin Faris daidai yake da na Kano. Har gobe idan na makara zuwa wani taron dangi, sai ya tambaye ni a gaban jama'a ko yau iskar ta gaba take busowa.