Danjar da ba ta magana, ta masu mota ce kaɗai

Wai "ina ɗan jagoransa?" Wannan ita ce tambayar da ta fi yawa a ƙarƙashin bidiyon nan na dattijon makaho da ya maƙale a tsakiyar gudro wajen Babbar Kasuwa, motoci na danna masa oda, 'yan kabu-kabu na kewaye shi. Kun gani ai, kowa ya tura wa kowa a WhatsApp. Mutum ya fito da farar sandarsa zai tsallaka titi a babban birnin ƙasarsa, danja ta sauya yana tsaka da tafiya, kuma abin da ya dami 'yan Yamai shi ne me ya hana shi ɗauko yaro. Sannunku da hankali!

Laifin na fitilar ne da waɗanda suka kafa ta. Danjar da ba ta da sauti an yi ta ne don mai ido, mai ido ma wanda ke bayan sitiyari. Ja, ɗorawa, kore, duk da ido ake karanta su. Makaho ya tsaya a bakin titi sai dai ya saurari injin motoci ya yi kirdado: sun tsaya ne ko sun rage gudu ne? A mahaɗar da babur ke ɓullowa ta kowace kusurwa, wannan kirdadon caca ce da rai.

Ku nuna min fitila ɗaya a tsakiyar Yamai da ke gaya wa makaho "tsaya" ko "wuce". Ɗaya tak. Daga Katako zuwa Wadata, daga titin Mali Bero zuwa bakin gadar Kennedy.

Kuma abin ba sihiri ba ne. Ƙaramin akwati ne da lasifika ake ɗaurawa a jikin sandar fitilar. Yana yin ƙara a hankali don makaho ya gane inda madannin yake, ya danna, in lokacin masu ƙafa ya yi sai sautin ya sauya. Wani madannin har rawa yake yi a ƙarƙashin yatsa saboda wanda ba ya gani kuma ba ya ji sosai. A Faransa makafi na yawo da ɗan rimot a aljihu, su danna, fitilar ta faɗa musu cewa ja ce ga masu ƙafa, har da sunan titin. A Japan kukan tsuntsu suke sakawa. Su ne ma suka ƙirƙiro dandamalin nan mai ƙuraje-ƙuraje da ake shimfiɗawa a bakin titi don sanda da tafin ƙafa su ji an zo gaɓa: wani Seiichi Miyake ne ya fito da shi, aka fara shimfiɗa shi a garin Okayama a 1967. A 1967 fa! Ko gadar Kennedy ba a buɗe ba lokacin, sai 1970.

Na san me za ku rubuto. "Malam, ƙasar da ke fama da matsalar tsaro kake wa maganar lasifika?" To a wace shekara ce ba mu da matsala? Da matsalolin muka gina gadar sama ta Mali Bero, muka ƙara ta Martyrs, muka ƙara ta Diori Hamani. Da za a yi taron ƙolin Tarayyar Afirka a watan Yulin 2019, cikin ɗan lokaci aka gyara filin jirgi, otel-otel suka tashi, tituna suka sha fenti. Ba na ƙin ko ɗaya, ni ma ina bi ta kansu. Amma wanda ya iya ɗaga titi sama don kada mota ta jira minti uku ba zai ce min akwatin sauti ya fi ƙarfinsa ba. Kuɗi na fitowa idan mai jiran babban mutum ne.

"Ai wuta ɗaukewa take yi." Fitilu nawa ne yanzu ke aiki da hasken rana a garin nan? Farantin da ke kunna ja da kore ba zai kasa ɗan lasifika ba.

"Ai direbobinmu ba sa bin danja." Wannan ce ma ta fi ba ni dariya. Wato tunda wasu na karya doka, sai a bar makaho ba ko alamar da zai riƙe? A hukunta mai karya doka, a sa wa fitila murya. Aiki biyu ne, ɗaya bai hana ɗaya ba.

Sai waɗanda suka fi ƙona min rai, masu cewa "mu nan muna da tausayi, kowa zai kama masa hannu ya tsallakar da shi." Allah ya saka da alheri. Amma a bidiyon nan hannu nawa kuka ga an miƙa kafin wata mai sayar da ruwa ta ajiye farantinta ta taimake shi? Kuma ko da an miƙa, don me magidanci mai 'ya'ya da jikoki zai tsaya a rana yana jiran wanda zai ji tausayinsa kafin ya je asibiti ko masallaci? Kai za ka yarda a ce kullum sai ka roƙi baƙo kafin ka tsallaka zuwa wurin aikinka?

Yanzu ku dawo kan ɗan jagoran da kuke nema. Wane ne shi? Yaro ne ko yarinya mai shekara bakwai, takwas, goma, wanda ya kamata a ce yana lakwal a wannan sa'ar. Duk lokacin da muka gina titin da makaho ba zai iya bi shi kaɗai ba, mun cire wani yaro daga aji mun damƙa masa bakin sanda. Gobe kuma mu ne za mu zo Facebook muna kukan bara ta yi yawa, yara ba sa karatu. Muna da makarantar makafi ta Soly Abdourahamane a nan Yamai, ana koya wa yara rubutun makafi na Braille da tafiya da farar sanda. Su gama, su fito, su tarar da garin da bai shirya musu ko mahaɗa ɗaya ba. Wannan kamar ka koya wa mutum iyo ne ka kai shi hamadar Tenere.

Ba makafi kaɗai ba. Mai keken guragu ya iso bakin titi ya tarar da dakali mai tsayi, babu gangare, dole ya sauka cikin motoci ya yi gogayya da taksi. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ta fara tsallakawa, kafin ta kai rabi an saki motoci, domin wanda ya saita daƙiƙun da saurayi mai sauri ya yi lissafi. Kurma ba ya jin odar da kuke danna masa, shi fitila mai ƙirga daƙiƙu yake buƙata a gabansa. Ƙidayar 2012 ta nuna kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan Nijar na da nakasa, mutum sama da 700,000. Kuma layi ne da kowa ke iya shiga: yanar ido, ciwon suga, hatsarin babur ɗaya da daddare.

Takardu kam muna da su, ma sha Allah. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu tun 2008, kuma sashe na 9 ya ambaci hanyoyi da sufuri ƙarara. Akwai dokarmu ta nakasassu ta 1993, akwai ta Disambar 2019. Duk 3 ga Disamba, ranar nakasassu ta duniya, a sa manyan riguna a yi jawabi, a raba kekuna a ɗauki hoto. Kashegari mai keken ya rasa inda zai hau da shi.

Wallahi abin yana min ciwo, don mun iya idan muka so. A watan Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ce ƙasa ta farko a Afirka da ta kawar da cutar makantar kogi. Shekaru aka yi ana wannan aiki a ƙauyukan bakin ruwa. Ƙasar da ta yi wannan ce za ta kasa sa wa mahaɗa goma murya? A fara da gaban asibitoci da kasuwanni da tashoshi, a kira ƙungiyar makafi su zaɓi wuraren da kansu, su gwada sautin da Hausa da Zabarmanci. Mu da muke karanta suratu Abasa, muka san Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne kuma an sha bar masa riƙon Madina, bai kamata a koya mana darajar makaho daga Japan ba.

Af, tunda ana maganar bakin titi: ku masu sace murafun kwalbati kuna kai wa 'yan gwangwan, Allah ya isa. Da ku da masu faka manyan motoci a kan hanyar masu ƙafa don sayen kilishi, da mai shagon da ya baje firji uku har bakin gudro. Damina na tafe, ruwa zai rufe ramukan nan, kuma mai ido ma sai ya faɗa. Wanda ya san inda ake kai ƙarar irin wannan a unguwarmu ya rubuto min, ramin ƙofar gidanmu ya kusa cinye akuyar maƙwabta.